Ranar da Estill Ya Jefa Huɗu a Rami

Estill Caudill ƙanena ne, na girme shi da shekara tara. Uwarmu ta rasu yana ɗan wata goma sha huɗu, ni na goye shi, ni na yaye shi da kunun masara, shi ya sa ban taɓa taka ƙofar makaranta ba, shi kuwa ya kai aji takwas. Ba don a tausaya mini nake faɗin wannan ba. Don a san cewa in na ce na san mutumin nan, to na san shi.

Bai yi wani abin da za a sa a jarida ba. Shekara talatin da ɗaya yana shiga ramin kwal a bayan garin Hazard, ya fito da yatsu tara da tarin da ba ya jin magani. Ya auri Opal, mace mai surutu kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace, shi kuma in ya yi magana goma a wuni, to ranar an sha hira. Suka haifi 'ya ɗaya, Renita, ta yi karatun jinya, ta tafi garin Dayton na Ohio, can arewa da mu, ta auri wani mai sayar da tayoyi. Gidan Estill yana ƙarshen kwarinmu, inda kwalta ta ƙare, ɗaki huɗu da baranda, shi ya gina abinsa da katakon da kamfani ya zubar. Nawa yana ƙasa da nasa, tafiyar minti biyar in gwiwa ta yarda.

Abu ɗaya aka san shi da shi, jifan masara. Kowace shekara, Asabar ta ƙarshen Agusta, zuriyar Caudill kaf muna haɗuwa a rumfar bayan coci, gefen maƙabartar danginmu. Waɗanda suka watse Ohio da Indiana su dawo da motocinsu masu ƙyalli, a gyara kaburbura da safe, a ci abinci da rana, sai a fito da alluna. Alluna biyu na katako a kishingiɗe suna kallon juna, kowanne da raminsa a sama, tsakaninsu ƙafa ashirin da bakwai. Mutum biyu-biyu ake karawa, kowa da 'yan jakunkuna huɗu cike da ƙwayar masara. In ta faɗa rami maki uku, in ta tsaya kan allo maki ɗaya, a cire na mai kaɗan daga na mai yawa, wanda ya fara kai ashirin da ɗaya ya ci. Estill ne ya sassaƙa allunan, Opal ta ɗinka jakunkunan. Kuma duk wasan da yake ciki, shi ke faɗin maki. Ba wanda ya naɗa shi. Kawai dai ba a taɓa kama shi da kuskure ba, ko ya sha giyar da ake ɓoyewa a bayan motar Burl ɗan baffanmu.

Opal ta rasu da sanyi, kusan shekara biyu kafin abin da zan ba da labari. Ranar da aka binne ta, mutane sun watse, na tsaya ina tattara masa kwanuka, ya ce mini, "Yaya, kada ki bari a fitar da ni daga kwarin nan." Na ce wa zai fitar da kai, wa ke son ka. Ina ganin tun lokacin ya fara jin wani abu a kansa wanda mu ba mu gani ba tukuna.

Da bazara ya zo gidana sau uku a safiya ɗaya yana neman zarton da ke rataye a kafaɗarsa. Ya ɗora buta a wuta ya tafi lambu har gindinta ya narke. Wata Talata ya sa kwat da taye ya je ya zauna a ƙofar coci, yana mamakin lalacewar mutanen zamani da ba sa zuwa sujada. Ban gaya wa kowa ba. Na kashe masa gas daga waje na ce bututu ne ya fashe, na koma kai masa abinci sau uku. Na ɗauke makullin motarsa na jefa cikin tulun gari, na ce injin ya mutu. Renita tana bugo waya kowace Lahadi da yamma, sai in zauna kusa da shi in kanga kunnena, ina raɗa masa amsa. Mutumin da dama ba ya magana, wa zai gane ya rage? Shirunsa ya rufa mana asiri fiye da shekara.

A watan Yuli na yi barcin rana, ya fita. Mai kai wasiƙu ya tsince shi a babban titi, mil huɗu daga gida, da silifas, yana cewa zai je aiki kada ya makara. Mai kai wasiƙu yana da mata, matar tana da baki. Kwana biyu sai ga wayar Renita, wannan karon ni ta kira.

"Goggo, mene ne nake ji?"

"Me kika ji? Mutum ba zai miƙe ƙafa ba?"

"Da silifas? Zuwa aikin da ya bari shekara ashirin?"

"Tsokanar yaron nan yake yi. Kin san ubanki."

"Na san shi, shi ya sa. Baba bai taɓa tsokanar kowa ba." Ina jin ƙarar asibiti a bayanta. "Zan zo taro. Zan dube shi da idona. In abin da ake faɗa gaskiya ne, akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni, sun ce za a samu gado a Satumba. Ba zan jira a kira ni a ce tirela ta bi ta kansa ba."

To ka ji. Wuni ɗaya ne. Za ta iso Asabar da hantsi, ta juya da yamma saboda tana da aiki Lahadi. In na fitar da shi daga wunin nan ba ta gane ba, ya kwana a gadonsa wata shekara. In ta gane, sai Dayton.

Na yi masa aski ranar Juma'a. Na goge masa shuɗiyar rigarsa. Da safe na kama hannunsa muka gangara, kowa ya ɗauka shi ke riƙe da ni.

Gyaran kaburbura bai ba ni wahala ba, an ba shi manjagara, hannunsa ya san aikin. Abinci ma haka. Tebur uku aka haɗa, soyayyar kaza, wake da naman alade, burodin masara, tumatir yankakke, da irin kek ɗin nan na ayaba da matar Burl ke kawowa kowace shekara ba wanda ya taɓa gaya mata gaskiya a kansa. Na zauna a damansa. Duk wanda ya doso sai in riga shi.

"A'a, ga Vester, ɗan Baffa Hobart, har yanzu ba ka mutu ba?"

Sai Estill ya ce, "Vester," ya miƙa hannu. Shi ke nan, an wuce wurin.

Renita ta iso muna tsakar ci, ita kaɗai, mijin bai zo ba. Ta yi ƙiba kaɗan, gashinta ya fara fari ta gaba. Tun daga nesa na ɗaga murya, "Estill, ga Renita, 'yarka ta tuna tana da uba!" Ya miƙe, ta rungume shi, ya bubbuga bayanta ya ce, "Kin zo." Ta zauna a gabanmu tana kallonsa yadda suke kallon mutane a asibiti, tana tambayarsa lambu, tana tambayarsa kare. Kowace tambaya sai in tsoma baki in amsa rabi, shi ya ƙarasa da "haka ne". Ta ce, "Goggo, ki bar shi ya yi magana mana." Na ce shekara saba'in da huɗu ina jiran ya yi, in ke kina da dabara bismillah. Aka yi dariya. Ita ma ta ɗan yi. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Saura wasa. Ba yadda za a yi ya ƙi shiga, Estill ya zauna ana jifan masara daidai yake da a rubuta masa ciwon a goshi.

Yadda muke haɗa abokan wasa shi ne, kowa ya rubuta sunansa a 'yar takarda ya jefa cikin gwangwanin kofi, sai a zaro biyu-biyu. Ni ke riƙe gwangwanin, ni ke zarowa, tun shekara talatin da suka wuce. Dalili kuwa, ban iya karatu ba, don haka wai ba zan iya maguɗi ba. Masu ilimi ne suka yanke wannan shawara. Ba wanda ya taɓa tunanin cewa takarda tana bi ta hannuna kafin ta shiga gwangwani, kuma ina da farce. In na ga miji da mata sun zo ba sa ga-maciji, na san yadda zan raba su. In na ga yarinya tana satar kallon wani baƙo da ɗan'uwanta ya kawo, na san yadda zan yi. Aure biyu aka ɗaura daga gwangwanin nan, ɗaya ma yana nan har yau.

Ni kaina na daina wasan shekara goma sha biyar, tun da aka yi mini aiki a ƙugu. Ranar na ce Burl ya rubuta ni. Burl ɗan baffanmu ne, shi ke shirya gasar, ƙato mai jar fuska, da allon kwali da alƙalami a bayan kunne kamar wani alƙali.

"Ke, Zelphia? Mu kira motar asibiti ta tsaya kusa ko?"

"Ka kira wa kanka. Ka ga cikinka kuwa? Ka daɗe ba ka ga takalminka ba."

Ya rubuta, ya miƙo. Na danna wa takardata farce a kusurwa. Ta Estill ma, da na karɓa daga hannun Burl na ce yatsunsa sun yi tsami yau, na danna mata. Na girgiza gwangwani, na ɗaga kai sama kamar mai addu'a, na zaro na farko, na biyu, na uku, sai a na huɗu na lalubo masu alamar. Sauran ban ma kula da wa ya faɗa wa wa ba.

Burl ya buɗe ya karanta. "Estill da Zelphia! Shekara ɗari da hamsin da bakwai a ƙungiya ɗaya! Jama'a a yi musu a hankali, kayan tarihi ne."

Na kama hannun Estill muka nufi allo. Ina jin daɗin kaina. Muka tsaya tare a gefen allon da ke kusa da rumfa, sai Burl ya ce, "To Zelphia, me kike jira? Wuce can."

"Ina?"

"Ina kuwa? Allonki. Ko a cinyarsa za ki zauna?"

Shekara arba'in ina kallon wasan nan. Jaririn da aka haifa jiya a danginmu ya san abokin wasanka ba ya tsayawa kusa da kai. Yana can ɗaya allon, ku jefo wa juna. Wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da kai shi ne abokin karawarka. Da ina son in kasance kusa da kunnen Estill, da sai in sa kaina a ƙungiyar da za ta kara da shi. Sati uku ina kwana ina tashi da magana ɗaya a kaina, in riƙe shi kusa da ni, in riƙe shi kusa da ni, har na zaro wa kaina wurin da ya fi kowane nisa da shi a filin.

Na taka ƙafa ashirin da bakwai ɗin nan. Ban ji komai ba. Na lura dai ciyawar ba a yanke ta daidai ba.

Wasan farko Allah ya taimake ni, Vester aka tsayar kusa da shi, shi kuwa Vester kurma ne tun da nakiya ta tashi kusa da shi a rami. Ko Estill ya ce masa shi ne shugaban ƙasa, kai kawai zai gyaɗa. Estill ya ɗauki jaka, ya auna ta a tafin hannu, ya girgiza masarar ta kwanta, ya sa ƙafar hagu gaba. Jakar ta tashi a kwance tana juyawa a hankali, ta sauka tsakiyar allo, ta zame ta shige rami. Kamar ba abin da ya taɓa samun sa. Ta biyu ma haka. Kan ya tafi, hannun yana nan.

Da aka gama zagayen sai wurin ya yi tsit, ana jiran ya faɗi maki. Yana tsaye yana kallon allon yana murmushi.

"Bakwai da babu!" na ƙwala daga inda nake.

Burl ya ce, "Kai, yau kuma an yi juyin mulki?"

"Ni ce babba. Na gaji da jin muryarsa."

"Muryar da ake ji sau ɗaya a shekara?"

Aka yi dariya aka wuce. Na saci kallon Renita, tana can ɗaya filin tana nata wasan, ba ta ji ba.

Nan na yanke shawara mu faɗi. In aka fitar da mu a wasan farko, sai in zaunar da shi a inuwa da kofin shayi mai ƙanƙara, in zauna a gefensa har rana ta yi sanyi. Na fara jefa nawa cikin ciyawa. Ɗaya ta faɗi rabin hanya, ɗaya ta bugi ƙafar kujera, ɗaya ta kusa shiga kwanon wake. Ba wanda ya yi mamaki, tsohuwa ce mai ƙugun ƙarfe. Amma duk makin da na zubar sai Estill ya kwaso shi da riba. Ni in ba da uku, shi ya ci tara. Ba yadda zan ce masa ya sassauta, yana can, ina nan. Muka ci ashirin da ɗaya da goma sha ɗaya.

Wasa na biyu wasu samari ne 'yan Indiana, jikokin wata 'yar'uwarmu, masu jifa da salo suna murɗa hannu. Wanda ya tsaya kusa da Estill bai san shi ba balle ya san ya canja, kunnensa ma a toshe yake da abin jin waƙa. Na jefa jaka har bayan allo. Na jefa wata a kan kare. Estill ya cinye su shi kaɗai cikin zagaye shida. Matan da ke rumfa suka fara tafi suna kiran sunansa, yana ɗaga musu hula.

Burl ya duba kwalinsa ya share zufa. "Wasan ƙarshe! Kayan tarihi za su kara da ni da Renita. Estill, yau zan rama na bara da na bara-waccan."

Sai lokacin na san wanda na haɗa Renita da shi.

Na ce, "Burl, je ka tsaya da ɗan'uwanka, maza su ji da maza. Renita, zo nan kusa da ni ki ba ni labarin mijinki."

Burl har ya juya zai tafi. Renita ta riga shi ɗaukar jakunkuna.

"Baffa Burl, ka zauna da Goggo. Ni zan tsaya da Baba. Rabona da in yi jifa kusa da shi tun ina budurwa."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, na ga fuskarta. Ta riga ta saki jiki, ta gama binciken da ta zo yi, ta yarda mai kai wasiƙu ne ya ƙara gishiri. So take kawai ta tsaya kusa da ubanta. Me zan ce?

Daga inda nake ba na jin maganarsu, sai dai in gani. Ga kuma Burl a kunnena yana ba ni labarin tiyatar da aka yi masa a gwiwa, da abin da likita ya ce, da abin da shi ya ce wa likita.

Zagayen farko lafiya. Suka yi jifa, ɗaya bayan ɗaya, na faɗi maki. Ni da Burl muka jefa musu namu. Sai na ga Estill ya sunkuya ya tsince jakunkunan duka takwas, ya ware huɗu, ya kakkaɓe musu ƙura a wandonsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Estill bai taɓa tsince wa Renita jaka ba. Tun tana shekara shida yake koya mata, kuma dokarsa ɗaya ce, kowa ya sunkuya ya ɗauki nasa. Ta sha kuka a kan wannan. Mutum ɗaya yake tsince wa jaka, baƙuwa. Matar fasto, ko budurwar da wani ya kawo a gabatar.

Renita ta karɓa tana dariya, ta ce masa wani abu. Ya taɓa bakin hularsa, ya ja baya taku ɗaya ya ba ta wuri.

"Zelphia, ke ake jira," in ji Burl. "Ko kin yi barci a tsaye?"

Yanzu kuma so nake wasan ya ƙare da wuri, ko ta wace hanya. Na daina zubarwa, na shiga jifa da gaske, ƙuguna yana ƙara. Na sa biyu a kan allo. Muka kai goma sha biyu, su takwas.

Zagaye na huɗu ne. Estill ya jefa ta farko, rami. Renita ta sa tata a kan allo, daidai bakin ramin, ta tare hanya, yadda shi ya koya mata. Ya dubi jakar, ya dube ta, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga tasa sama sosai, ta wuce ta kan tata ta faɗa rami ba ta ko taɓa katako ba. Rumfa ta ɗauki ihu. Ta sake sa ɗaya a allo. Ya sake. Ta uku tata ta zame ta faɗi ƙasa. Ya jefa ta huɗu, ta bi 'yan'uwanta. Huɗu a rami. Vester kurma har da jefa hula sama. Burl yana ta faɗin, "Kun gani? Kun gani? Mutumin nan ba mutum ba ne!"

Saura jaka ɗaya a hannun Renita. A cikin ihun nan na ga Estill ya karkata wajenta yana magana, magana mai ɗan tsawo, wadda ta fi abin da ya saba. Ta juyo ta dube shi. Ta amsa. Ya sake cewa wani abu, fuskarsa a sake, yana nuna arewa da haɓa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta saki jakar ba. Ta tsaya kamar mai jiran a gama auna ta. Sannan ta juya ta dubi allonmu, ta dube ni. Ta jefa. Jakar ta sauka kan allo ta tsaya.

Goma sha biyu a cire uku, tara. Ban faɗa ba. Aka jira Estill, yana gyara hularsa. Renita ce ta ce, da muryar da kowa ya ji, "Ashirin da ɗaya."

Kyautar gasar wani tsohon kaskon ƙarfe ne na kakarmu, wanda ya ci ya ajiye shi shekara guda ya dawo da shi. Burl ya damƙa wa Estill, aka ɗauki hoto, ni a hagu, shi a dama, yana riƙe da kaskon kamar an ba shi ajiyar jaririn wani. Na kai shi inuwa na zaunar kusa da Vester, na zagaya bayan rumfa inda ake wanke kwanuka. Na san za ta biyo ni, gara a can.

Ta zo ta ɗauki tsumma ta fara goge faranti. Sai da muka yi biyar ko shida sannan ta yi magana.

"Ya ce na iya jifa," in ji ta. "Ya ce, baiwar Allah, wa ya koya miki tare rami haka?"

Na ci gaba da wanki.

"Na ce babana. Ya ce daga ina kike. Na ce Dayton. Ya ce ai shi ma yana da 'ya a can, tana aikin asibiti, ko na san ta. Ya ce ba ta samun zuwa, aiki ya yi mata yawa, amma tana bugo waya."

"Rana ce ta buge shi. In ya huta..."

"Goggo."

Na ajiye farantin da ke hannuna.

"Tun yaushe?"

"Bazarar da ta biyo rasuwar uwarki."

"Motar fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ke ce kike raɗa masa a waya. Ina jin kamar numfashin mutum, na ɗauka layin ne."

"Ni ce."

Na jira ta yi faɗa. Da ta yi, da na ji daɗi, don na tanadi amsoshi tun Yuli. Ba ta yi ba. Ta ajiye farantin a kan 'yan'uwansa ta ɗauki wani.

Na ce, "Ina iya riƙe shi. Na riƙe shi tun ba a haifi uwarki ba. Yana ci, yana wanka, kin ga rigarsa. Zan koma gidansa da kwana, in sa ƙararrawa a ƙofa. Ya roƙe ni, Renita. Da bakinsa, lokacin yana da hankalinsa."

"Shekararki nawa, Goggo?"

"Ba ki iya lissafi ba ne, da duk karatunki?"

"Tamanin da uku. In kika faɗi a banɗaki, shi zai kira mota? Zai zo ya tsaya a kanki ya ce baiwar Allah, me ya same ki."

"Ni bai taɓa manta ni ba."

"Tukuna," ta ce.

Ruwan wankin ya yi sanyi, maiƙo ya taru a sama. Matar Burl ta leƙo tana tambaya ko akwai mai son ragowar kek ya tafi da shi gida. Muka ce mata a'a tare.

Renita ba ta juya da yamman ba. Ta buga waya wurin aiki, ta kwana uku a gidan uban, ta buɗe kowace durowa, ta tattara magungunansa a leda. Ya yi mata karamci sosai, ya ba ta ɗakin baƙi. Rana ta biyu da safe ya gane ta na kusan awa ɗaya, ya tambaye ta ina ta ajiye kekenta.

Sha biyu ga Satumba suka zo ita da mijin. Na shirya masa akwati ɗaya. Ba a yi rigima ba, ba wanda ya ja shi. Mijin ya ce, "Baba, zo ka raka ni gari, ina son ka zaɓa mini ƙusa," ya shiga gaban mota da kansa ya ja bel. Da za su tashi ya sauke gilashi ya ce, "Yaya, kina son wani abu daga kanti?" Na ce a'a. Ya ce to.

Mutane a coci suna ta riƙe mini hannu suna cewa in yi kuka in zai zo, kada in danne. Ba dannewa nake yi ba. Na zauna a baranda na jira kukan kwana biyu, bai zo ba, na tashi.

Yana can yanzu shekara ɗaya da rabi. An ce wurin da tsabta, taga tana kallon wurin ajiye motoci. An kai ni sau ɗaya, tafiyar awa biyar, na tarar yana barci, na zauna har ya farka, ya ci tuffa, muka juyo.

Satin da ya tafi na hau gidan na rufe ruwa kada sanyi ya fasa bututu. Na zagaya baya na ga dankalinsa ya isa tono, ganyen duk ya bushe. Na ɗauko cebur na fara daga layin farko. Na yi rabi sai hadari ya taso, na kwashe abin da na tono a bokiti na gangara gida. Sauran yana cikin ƙasa.